Kwana a riyad na alfarma a tsohon birnin Fas: hamami da abincin dare sun ci kuɗinsu, wurin ninƙaya kuwa da sauransa

Yawancin mutanenmu da ke zuwa ziyara Fas a ƙasar Maroko, daga Kano ko Damagaram ko Kumasi, ɗayan biyu suke yi: ko su sauka a otal a sabon gari inda mota ke kai mutum har bakin ƙofa, ko su kama ɗaki mai sauƙin kuɗi kusa da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Akwai masauki na uku da ya kamata mai hali ya sani, musamman mai tafiya da iyali. Shi ne riyad, wato tsohon gidan attajiri a cikin ganuwa da aka gyara aka mai da shi masaukin baƙi, da hamaminsa (ɗakin wankan tururi) da wurin ninƙaya da kicin. Manyan cikinsu, irin su Riad Fès da Palais Faraj, sun kusa zama otal sosai. Wannan sharhi ya fi shafar matsakaitan, masu ɗakuna 6 zuwa 15, inda ɗaki ke farawa daga kimanin dirhami 1,500 a dare ya yi sama. A ganinmu kuɗin yana tafiya ne a abu uku: kyan ginin, hamami da abincin dare. Wanda ya biya don wurin ninƙaya kawai zai ji an kware shi.

Kafin a kalli hoton ɗaki, a fara tambayar ƙofar gari mafi kusa da gidan. Fas al-Bali, wato tsohon birnin, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1981, mota ba ta shigarsa. Jar tasi ta gari, wadda ba ta ɗaukar fiye da mutum uku, iyakarta bakin ganuwa: Bab Boujloud, Batha, Ain Azliten, Bab Guissa ko dandalin R'cif. Daga nan sai ƙafa. Garin kuma a kwari yake. Daga Bab Boujloud titin Tala'a Kebira gangara ce har masallacin Ƙarawiyyin, zawiyar Shehu kuma tana can ƙasa a unguwar Blida. Saboda haka riyad da ke wajen Batha yana da sauƙin isa da kaya, amma duk dawowa daga zawiya hawa ne na minti 20 ko fiye, dattijo mai ciwon gwiwa ba zai iya yinsa sau uku a rana ba. Mai ziyara gara ya nemi gida ta ɓangaren R'cif, inda tafiyar ba ta wuce kimanin minti 10. Sai dai kada a matsa kusa da majemar Chouara da yawa, domin a watannin zafi warin jima yana hawa har saman bene.

Gidan kirki yana tura ɗan dako da amalanke ya tare ka a ƙofar gari. A nemi wannan tun kafin isowa, a aika lokacin saukar jirgi ta WhatsApp. Filin jirgin Fas yana da nisan kimanin kilomita 15, jirgin ƙasa daga Kasablanka kuma yana cin kusan awa 4. Taswirar waya ba abin dogaro ba ce a lungunan nan, dogayen bangaye suna rikita ta, kuma samarin da za su ce maka hanya a rufe take, su nuna maka wata, kuɗi suke nema. In ka ji an ce “balak”, ka raɓe jikin bango, alfadari ne tafe da kaya.

Daga waje ba abin kallo, bango ne kawai da ƙofar katako. Sai an bi zaure mai lanƙwasa sannan tsakar gida ta buɗe: marmaro a tsakiya, itatuwan lemo, ƙasa da rabin bango duk zellij, wato ƙananan tayil da aka sassaƙa da hannu ɗaya bayan ɗaya aka jera, sama da shi sassaƙar farar ƙasa, can sama kuma katakon al'ul mai zane. Nan za a zaunar da kai, a kawo shayin na'ana'a, a karɓi fasfo a cike takardar 'yan sanda. Za a nemi lambar da jami'an shige da fice suka buga maka a fasfo, ka san shafin da take. Ma'aurata su riƙe kwafin takardar aure, domin wasu masaukai suna tambayar Musulmi, mu kuma sau da yawa sunan miji da na mata ba su haɗuwa a fasfo.

Zaɓin ɗaki shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Ɗakunan ƙasa su ne mafi kyau a hoto, tsofaffin falukan gidan ne, rufinsu ya kai mita 5 ko fiye, da ƙatuwar ƙofa mai ganye biyu. Amma tagoginsu tsakar gida suke kallo, kuma a tsakar gidan ake karin kumallo. Ƙarar cokali da hirar baƙi duk a kunnenka, in ka buɗe labule kuma kowa na ganinka. Da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da dare ke sauka wajen digiri 5, na'urar ɗumama ɗaki ba ta iya cika wannan tsawo, zafin ya tafi sama ya bar ka a ƙasa, ga danshi da tsofaffin bangaye ke riƙewa. Ɗakunan sama sun fi haske da sirri, amma a Yuli da Agusta, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40, na kusa da rufi sai da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfi. Hawa na farko shi ne tsaka-tsaki, shi muke ba da shawara ga mai ƙafa lafiya. Matakalar kuwa matsattsiya ce, kowane taki dogo, kuma yawancin gidajen ba su da lifta. In da tsohuwa a tafiyar, a nemi ɗakin ƙasa mafi nisa da teburan cin abinci, a sa sunan ɗakin a rubuce cikin takardar kama ɗaki, domin a riyad babu ɗaki biyu iri ɗaya.

Banɗaki yawanci shafe yake da tadelakt, farar ƙasa da aka goge da dutse da baƙin sabulu har ta yi sheƙi ruwa ba ya shigarta. Yana da kyau, amma an tsara shi ne don baƙin Turai, ba kowane ke da tiyon tsarki ba. A sa ƙaramar buta a jaka. Mutumin Najeriya ya riƙe adafta, soket ɗin mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa. Intanet kuma a tsakar gida da saman bene take aiki sosai, kaurin bango yana kashe ta a ɗaki.

Hamami shi ne abin da ya fi cancantar kuɗi, in an yi shi daidai. Matanmu da suka saba da dilka za su gane manufar nan take, sai dai nan zafi da tururi ne ke fara aiki kafin hannu. Ƙaramin ɗaki ne mai dakalin dutse ko na tadelakt, da famfon ruwan zafi da na sanyi, da bokitai. Zafinsa yana tsakanin digiri 40 zuwa 45. Ana fara kwara wa mutum ruwan ɗumi, a bar shi ya zauna minti 10 zuwa 15 har gumi ya keto. Sai a shafe jiki da sabulun beldi, baƙin sabulu mai laushi da ake yi da zaitun, ba ya kumfa sosai. A bar shi minti 5 zuwa 10, a wanke tas. Daga nan mai wanki ya sa safar hannu mai kaushi da suke kira kis, ya bi jiki da dogon ja, daga baya zuwa ƙafafu, a juya, kimanin minti 15 zuwa 20. Matacciyar fata tana fitowa a murɗe, baƙi-baƙi, har mutum ya yi mamakin jikinsa. Sai a sake ɗauraya, a shafa ghasul, wani yumɓu da ake haƙowa a tsaunukan Atlas, wanda ake kwaɓawa da ruwan wardi. Minti 10 ya ishe shi. A wanke da ruwa mai ɗan sanyi, a naɗe mutum da tawul a kai shi ɗakin hutu a ba shi shayi. Duka awa ɗaya ne ko ƙasa da haka. In an haɗa da tausa da man argan, a ƙara minti 30 zuwa 60. A riyad irin wannan wankan yana kamawa daga kimanin dirhami 300 zuwa 600, tausa kuɗinta daban, alhali shiga hamamin unguwa bai wuce dirhami 20 ba. Abin da ake biya a nan shi ne kaɗaici da tsabta.

Ga inda abin ke lalacewa. Ƙaramin gida ba ya barin hamami a kunne duk yini, sai an yi oda ake hura shi, kuma dutse yana bukatar awanni kafin ya ɗauki zafi. In ka nema yanzu aka ce ka shigo bayan minti 30, tururin inji kawai za a cika ɗakin da shi, dakali da ƙasa suna nan da sanyinsu. Fata ba za ta yi laushi ba, gurzar za ta yi zafi kuma ba abin da zai fita. Shi ya sa ake kama lokaci tun jiya, ko aƙalla da safe don yamma. Da ka shiga ka ɗora tafin hannu a kan dakali: in ba ɗumi sosai, ka nemi a ƙara lokaci. Na biyu, in ba a wanke sabulun sarai ba, safar santsi kawai take yi a jiki. Na uku, safar ta zama sabuwa, a buɗe ledarta a gabanka, in an gama kuma taka ce ka tafi da ita. Na huɗu ya shafe mu kai tsaye: baƙar fata in aka gurje ta har ta yi rauni, wurin kan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni kafin ya baje. A wuya da ƙirji da cikin cinya, ka ce “bishwiyya”, wato a hankali, fuska kuwa kada a kai mata wannan safar. Mai shafa man bilicin fatarta ta riga ta yi siriri, gara ta tsaya a tururi da sabulu. Ghasul ba a bari ya bushe ƙayau, yana jan fata, kuma a gashinmu yana busar da shi ya maƙale a kitso, don haka a rufe kai. Kada a yi aski ko cire gashi a ranar. Mai son lalle ta fara yin hamami sannan a zana mata, in ta juya tsarin rabin zanen zai bi ruwa. A sha ruwa kamar rabin lita kafin shiga, a bar awa 2 bayan cin abinci mai nauyi. Mai ciki, da mai ciwon zuciya, da wanda hawan jininsa bai daidaita ba, su tambayi likita tukuna.

Maganar da ba a rubutawa a tallan gidajen ita ce ta wanda zai yi wankin. Riyad da yawa ma'aikata mata kawai gare su a hamami, su ke wanke kowa. Namiji ya faɗa ƙarara tun wajen kama lokaci cewa namiji yake so, gidan kirki zai kira kassal, wato namiji mai wanke mutane, daga hamamin unguwa. Mace ma ta tabbatar mace ce har a tausa. Ɗan kamfen takarda da suke bayarwa ba ya suturta komai, a zo da gajeren wando mai kaiwa gwiwa, ba wanda zai hana. Man argan na shafawa ƙamshinsa kaɗan ne kuma fata na shanye shi da wuri. In yana ƙamshin soyayyar gyaɗa, na ci ne, in kuma ya bar jiki da maiƙo har awa guda, an gauraya shi da mai mai araha.

Wurin ninƙaya a yawancin riyad ɗan kwami ne a tsakar gida, mita 3 da 5 ko ya ɗan fi, zurfinsa wajen ƙirjin babba. Na jiƙa jiki ne, ba na iyo ba. Bangaye hawa uku sun kewaye shi, rana ba ta samunsa sai 'yan awanni da tsakar rana, kuma galibi ba a ɗumama shi, don haka ko a watan Mayu ruwan sanyi ƙalau. Daga Yuni zuwa Satumba ne yake da amfani. Babbar matsalar ga iyalanmu ita ce duk barandar gidan a kansa take kallo, kuma ba a ware wa mata lokaci. Mafita biyu ce: a roƙi manaja ya keɓe awa ɗaya da hantsi lokacin da baƙi suka fita yawo, ko in ayarin ya kai mutum 10 zuwa 12 a kama ƙaramin gida gaba ɗaya. Kafin shiga a duba ruwan. Layukan tayil na ƙasa su fito sarai, bango kada ya yi yauƙi a hannu. Warin kulorin mai hawa ido ba alamar tsabta ba ne, yana nuna kulorin ya haɗu da gumi da datti ya gaji. Gidan da ke kula yana gwada ruwan kullum, yana riƙe kulorin tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a lita, ma'aunin pH kuma 7.2 zuwa 7.8, yana kuma tsame ganyen lemo da kashin tattabaru tun da sassafe. Babu mai gadin ruwa, jiƙaƙƙen zellij kuma santsi gare shi ƙwarai, yaro ba a barinsa shi kaɗai ko na minti ɗaya. Wasu gidajen ma ba su karɓar ƙananan yara, a tambaya.

Karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki kuma ya wadatar: msemen mai ninki-ninki, baghrir mai ƙananan ramuka da ke shan zuma da man shanu, harsha ta garin samolina, burodi, zaitun, matsattsen ruwan lemo, shayi ko kofi. A nemi ƙwai da khli'i, busasshen naman da aka dafa aka adana cikin kitse, wanda Fas ta yi suna da shi. Ba kullum yake kan tebur ba sai an tambaya. Shayin yana zuwa da sukari mai yawa, mai ciwon suga ya ce “bla sukkar” tun kafin a haɗa.

Abincin dare ba a shigowa da yamma a ce a kawo. Ana faɗa kafin azahar, domin mai girki sai ta san yawan baki take zuwa kasuwa, wannan kuma shi ne sirrin daɗinsa. Yana kamawa kimanin dirhami 250 zuwa 450 kowane mutum, ana zama wajen ƙarfe 8. Ana farawa da ƙananan kwanoni biyar ko fiye na dafaffen kayan lambu, cikinsu da za'aluk na baƙin yalo da tumatir, da taktuka ta gasasshen tattasai. Kada a cika ciki da burodi a nan. Daga nan bastila, alfaharin girkin Fas: naman tattabara ko kaza da ƙwai da almon, a naɗe cikin warƙa mai sirantaka, a gasa, a barbaɗa kirfa da garin sukari. Haɗa nama da zaƙi baƙon abu ne a bakinmu, amma ya kamata a gwada ko sau ɗaya. Mai kyau tana ƙaras-ƙaras in an sa wuƙa, wadda aka ɗumama kuwa ta yi laƙwas, mai ya jiƙa gindinta. Sai tajin, wato dahuwar nama a kaskon yumɓu mai murfi, na kaza da zaitun da lemon tsamin da aka jiƙa a gishiri, ko na rago da busassun 'ya'yan itace. Tajin na gaskiya yana awa 2 zuwa 3 a kan wuta kaɗan cikin kaskon yumɓunsa, albasa ta narke ta yi kauri har ta ɗan kama gindi. In romon ya zo tsululu, naman ya yi laushi amma cikinsa salam, to a tukunyar matsi aka dafa aka juye a kaskon don ado. Kuskus na ranar Juma'a ne bayan an sauko daga masallaci, ana turara shi sau uku, a sa a ajiye maka tun Alhamis.

Girkin nan ƙamshi gare shi, citta da kurkum da kirfa da za'afaran, amma ba yaji. Harisa, markaɗen barkonon da za a kawo in an nema, ba ta kai inda muke so, don haka ɗan kwalbar yaji daga gida ba abin kunya ba ne. Nama na halal ne, amma gidajen alfarma da yawa suna sayar da giya, wasu kuma suna da girkin Faransa da ake zuba ta a miya. Wanda ba ya son zama inda ake sha ya tambaya kafin ya biya, ko ya sa a kai masa abinci saman bene. Bayan dare biyu ko uku abincin yakan fara maimaita kansa.

Ibada ba wuya. Ƙasar Malikiyya ce, karatun Warsh ake yi, kuma bayan asuba da magariba za ka ji ana karanta hizbi a tare a masallatan unguwa. Masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, a fita da zarar an kira. A ɗaki ba lalle a ga alamar alƙibla ko darduma ba, amma ma'aikatan za su kawo su nuna maka. Mai son zikirin Juma'a a zawiya kada ya sa hamami bayan la'asar a ranar, jiki yakan mutu bayan wankan, barci kawai yake nema. Shaguna da dama a cikin ganuwa ma a rufe suke ranar Juma'a.

Wajen biya, kuɗin da aka gani a intanet ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin baƙi da ake lissafawa kowane mutum kowane dare, sau da yawa a hannu ake karɓa. Wanki da guga ɗaya-ɗaya ake ƙirgawa, babbar riga da shadda mai sitati kuwa gara a dawo da su gida, ba su san hannunta ba. Motar ɗauko baƙo daga filin jirgi ta gidan ta fi tasi tsada, amma in saukar dare ce ta cancanta. Dirhami ba a samunsa da sauƙi a wajen Maroko, a zo da dala ko yuro, a canza kaɗan a filin jirgi sauran a gari, a adana rasit. Ɗan dako dirhami 20 zuwa 50 gwargwadon nisa da nauyi, mai wankin hamami ma a ba ta tukwicinta a hannu. Farashi yana tashi a Afrilu da Mayu da Satumba da Oktoba, a watannin nan sai an kama ɗaki da makonni, a kuma karanta sharaɗin fasawa kafin a tura kuɗin ajiya. In jirginka na asuba ne, ka biya komai tun dare, ka sa a sanar da mai gadi da ɗan dako da direba lokacin fitarka, domin ƙofar gida a kulle take kwana, kuma ƙarfe 4 na dare ba amalanken da za ka tara a lungu.